Falon Kawu Labule

Ina tsaye riƙe da waya ana kiran bidiyo, Kawu Labule na kishingiɗe kan kujerar da ba tamu ba, yana gaya wa 'yarsa Yaya Binta da ke Funtuwa cewa falon nan ya ishe shi, zai sake masa fenti, sai ga mai shagon ya turo ƙofa. Shagon sayar da kujeru ne a unguwar Bani Malik, na wani Balarabe Bayamale, Ammi Salim. Mai gadin wurin ke buɗe mana duk Juma'a in maigida ya tafi cin abinci. Ranar maigidan ya manta tabarau ya dawo.

Ni ba iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, Kawu ba iƙama, ga ƙafarsa duk faso a kan teburin gilashi. Shi ko gezau. Ya ɗaga yatsa biyu ya ce da Larabci, "Ya Salim, shayi biyu, a rage sukari." Ya juya ga waya. "Kukuna ne, Binta. Mutumin kirki, sai dai akwai nawa."

Ammi Salim ya leƙa wayar, ya ga mace da yara uku suna ɗaga masa hannu. Ya wuce ciki, ya fito da shayi. Da aka kashe waya ya ce, "Ya shaikh, ni ne kuku?"

"Ka yi ƙoƙari," in ji Kawu. "Amma sau biyu kana ba kyamara baya. Mako mai zuwa ka gyara."

Wallahi mako mai zuwa ya gyara, har da tawul a kafaɗa.

Ku da kuka zauna da shi a unguwar Karantina kun san halinsa, amma ba kowa ya san tushen abin ba. Kawu yayan mahaifiyata ne, ya zo umra tun kafin a haife ni ya maƙale. Aikinsa na farko a wata unguwar Turawa ne mai katanga, inda suke wasan kwaikwayo a tsakaninsu, shi ne mai jan labule. Sai wani ɗan wasan talabijin ya zo daga Ingila ya yi mako uku yana wasa da su. Sunansa bai taɓa zama a bakin Kawu ba, sai ya sa masa Mista Dogo. Rana guda mai fitowa a matsayin bara ya kwanta zazzaɓi, Dogo ya damƙa wa Kawu tire ya ce ya shiga, ya ajiye, ya fita. Ko kalma ɗaya bai faɗa ba. Daga wannan tiren Kawu ya zama ɗan wasa har ya koma ga Allah, Dogo kuma ya zama "abokin aikina".

Abu biyu ya ce Dogo ya koya masa. Na farko, ba a ba 'yan kallo baya. To a wurin Kawu duk inda mutum biyu suka taru 'yan kallo ne, shi ya sa yake fita daga ɗaki da baya da baya, yana murmushi. A haka ya zauna cikin bahon kifi a kasuwa, ya miƙe da ƙanƙara a wando bai fasa murmushin ba. Na ce, "Kawu, ba wanda ke kallonka fa." Ya ce, "Yanzu ai suna kallo."

Dogo kuwa bai taɓa ɓace masa ba. In an sa fim ɗin Turawa mai dogon zango sai ya matso da kujera yana jira. Yau Dogo alƙali ne, baɗi likita, daga baya ya koma mai buɗe ƙofa a gidan wani attajiri. Kawu ba ya jin Turanci, amma shi ke fassara mana, kuma duk labarin sai ya koma rigimar gona. Ran da aka harbe Dogo tun a kashi na biyu, Kawu ya yi tsaki. "Dubi cikinsa, numfashi yake. Tsufa ya ci Dogo. Ga yadda ake yi." Ya dafe ƙirji ya zube a tabarma, ido a kafe. Maman Sadiya maƙwabciyarmu ta shigo aron tukunya, ta gan shi, ta saki salati ta fara kiran mutane. Minti goma Kawu bai motsa ba, don a cewarsa ba a sauke labule ba. Da ya tashi, sai da muka riƙe Maman Sadiya, da muciya ta nufe shi.

Abu na biyu shi ne burofa, wato gwaji kafin a yi abu da gaske. Komai sai an yi burofa. Neman aiki, gaisuwar surukai, har yadda ake wucewa gaban 'yan jawazat masu duba takardu. Sai ya jera mu a lungu. "Auwalu, wannan tafiyar marar iƙama ce, daga Makka za a gane ka. Mai iƙama ba ya sauri, ba ya kallon ƙasa, sakace yake yi." Ya samo wata hula ya fito a matsayin jami'i ya daka tsawa, mutum biyu da ba su san wasa ake ba suka tsallake katanga, ɗaya bai dawo ba sai bayan kwana biyu.

Ran da muka ci karo da su da gaske a unguwar Sharafiyya, ni na manta komai, na cire takalmi na bi lungu. Kawu ya sa tsinke a baki, ya je har gaban motarsu ya ce musu sun tare hanya, ina mutum zai ajiye tasa motar. Suka ba shi haƙuri suka matsa. Mutumin da ko keke ba shi da shi.

Amma abin da Kawu ya fi tsoro ba jawazat ba ne, kada Yaya Binta ta ga inda yake kwana. Bayan an rushe Karantina, wani ɗaki muka samu a saman bene a Sharafiyya, mu huɗu da fanka ɗaya. Ya bar Yaya Binta tana rarrafe, bai iya komawa ba, kuma ya ce in dai bai ba ta komai ba, ba zai ba ta damuwa ba. Ya sa na rantse ba zan nuna mata ɗakin ba muddin yana raye.

Ranar Alhamis bayan azahar ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kwanta. Kafin la'asar ya cika. Bayan an kai shi, dattawa suka ce ni zan gaya wa Yaya Binta tunda wayar na hannuna. Na ce to. Ban iya ba. Gari ya waye ban iya ba.

Bayan Juma'a ƙafata ta kai ni shagon Ammi Salim. Ya riga ya ji. Na zauna ina gwada maganar a baki, in fara in kakare, sai wayar ta fara ƙara, ga hotonta. Muka zuba mata ido har ta katse. Ta sake kira, ta sake katsewa.

"Zan ce mata a falonsa ya rasu," na ce.

Ammi Salim ya share ido da bayan hannu. "In ka ce haka, gobe za ta tambayi wa ke zaune a gidan, sai ka sake wata. Kai ba ka iya ba, ya Auwal, kai gudu ka iya. Halas, shi ke nan. Gaya mata abin da ya faru."

Na fita waje, na jingina da bango, na rubuta mata wannan:

"Yaya Binta, Auwalu ne. Ki yi haƙuri ban ɗauka ba. Allah ya yi wa Kawu rasuwa jiya Alhamis bayan azahar, ciwon ƙirji ne, bai wahala ba, ina riƙe da hannunsa. An yi masa sutura, jama'a sun taru sosai. Yaya, falon nan ba nasa ba ne, shago ne, kuma kukun shi ne mai shagon. Ɗakinmu ƙarami ne, amma bai taɓa kwana da yunwa ba. Tun Laraba yake wanke rigar da zai sa ki gani, duk mako haka yake. Ki yafe masa, ni ma ki yafe mini. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi gida nasa na kansa. In kin samu natsuwa ki kira, yanzu zan ɗauka."