Ƙwaryar Fura a Hannun Hagu

Shekara ashirin da takwas ke nan da ruwa ya ci yayana Sale. Damina ce, kogi ya cika ya batse, kwalekwalensu ya kife a hanyar dawowa daga Guri. Yanzu na girme shi nesa ba kusa ba, kuma abin har yau bai zauna mini ba.

Malamin gona ne, amma mutanen fadama sun fi saninsa da kyamarar da ke rataye a wuyansa. Hotunansa ba na takarda ba ne. Ƙananan fim ne a cikin firam na kwali, sai an sa su a majigi an haska bango. Tun shekarun tamanin yake tara mu a zaure bayan la'asar, a toshe taga da bargo, ya nuna mana masunta a kan gora, da gonakin shinkafa, da shanu suna iyo. Shi kansa ba ya cikin ko ɗaya.

Sau ɗaya tak na ɗauke shi. Ana saura kwana uku ya rasu, muna bakin ruwa an dama masa fura, ya miƙo mini kyamarar ya ce, "Danna nan, kada hannunka ya yi rawa." Washegari ya aika fim ɗin Kano wanki. Sai bayan sadakar arba'in akwatin hotunan ya iso. Inna, mahaifiyarmu, ta ce muddin tana raye ba mai buɗe shi.

Ya bar 'ya ɗaya, Hajara, tana da shekara biyu, ni na riƙe ta. Bahaguwa ce. Ina jin kunyar faɗa, amma na sha buge mata hannu a bakin kwano, har na taɓa ɗaure mata shi da ɗankwali. Nakan ce mata, "Kaf danginmu babu mai ci da hagu, ban san inda kika kwaso shi ba." Ta koyi ci da dama, ta kuma koyi yin shiru a gabana.

Bara Inna ta rasu. Hajara, wadda yanzu take da 'ya'ya uku, ta same ni ta ce, "Baffa, ban san fuskar babana ba." Gaskiya ta faɗa, domin ɗan hoton fasfonsa ambaliya ta tafi da shi tuntuni.

Na kai akwatin wurin Bitrus, mutumin Filato, abokin Yaya, wanda har yau yake da shagon hoto a Hadejia. Yana da wata na'ura da ke kwashe irin waɗannan hotuna zuwa kwamfuta. Idonsa ya yi rauni, amma ya ce ba wanda zai taɓa aikin Sale sai shi. Funfuna ta cinye fiye da rabi. Abin da ya tsira ya zuba mana a filash, muka sa a talabijin ɗin falona.

Ruwa, ruwa, jirage, wasu fuskoki da duk sun riga mu gidan gaskiya. Sai ga Yaya. Yana dariya, ya kai ƙwarya baki, da hannun hagu.

Hajara ta miƙe tsaye. Ta matsa har ta taɓa gilashin. Ta ce, "Ashe a wurinsa na gado." Ba ta dube ni ba. Kuka take yi, amma ban taɓa ganin fuskarta ta sake haka ba.

Ni kuwa girarsa na ƙura wa ido. Yaya yana da tabo a girar dama, inda saniya ta tunkuye shi muna yara. A talabijin tabon yana hagu. Irin wannan fim yana da gaba da baya, kuma Bitrus ya sa shi a juye. Yaya bai taɓa ci da hagu ba. Fuskar da ke kallona ita ce wadda shi kaɗai ya sani, ta cikin madubi.

Wata bakwai ke nan ban faɗa mata ba. Ta sa hoton a wayarta, ta wanke babba ta rataye a ɗakinta, ƙaramin ɗanta ma bahago ne kuma ba mai taɓa shi.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Mutum ne da ba ya yarda a haska hoto a juye. Ko da zaure ya cika, zai kashe majigi ya gyara. Amma bai ga abin da na yi wa 'yarsa a bakin kwano ba. Ko kuwa ya gani? Duk sanda na shiga ɗakin nan, sai in ga kamar ni yake miƙa wa ƙwaryar.

Gonakin da ya auna ciyawar kacalla ta rufe su, majiginsa ya yi tsatsa. Abin da ya rage shi ne dariyar nan, kuma ko ta wane gefe aka juya ta, tasa ce, irinta ce a bakin Hajara.

Hajara, na san kina karanta jaridar nan, shi ya sa na rubuto wannan a cikinta. Na kasa faɗa miki ido da ido. Hagunki ba gadonsa ba ne, naki ne, Allah ne ya ba ki, kuma ba ki taɓa buƙatar hoto ya wanke ki ba. Ki yafe mini dukan, ki yafe mini shirun. Bitrus ya ce zai juya hoton duk ranar da kika so. Ni dai ba zan ƙara taɓa hannun nan ba.