Mai Jan Gado

A ɗakin mata na asibitin akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, a gabanta Sista ake ce mata, a bayan idonta Mai Jan Gado. Gajeriya ce, ba ta dariya, takalmanta na roba ba sa ƙara. Da rana tsaka, lokacin da ɗaki ya yi tsit, sai kawai a gan ta tsaye a ƙarshen gadon wata. Ta ɗaga hanci ta shinshina, ta danna farcen mara lafiya ta saki. In ta wuce, kowa ya sauke numfashi. In kuwa ta duƙa ta kwance birkin taya, ta ja gadon zuwa gefen teburinta, masu jinya sai su fara kiran dangi a waya. Tayoyin nan suna da wani kuka siriri, kamar na kyanwar da aka rufe a rumbu.

Aka ce mayya ce, zaɓa take yi. Wata tsohuwa ta taɓa rungume ƙafar gadon 'yarta tana roƙon a ci wata. Sista ta ce mata ta matsa, ta tare hanya.

Ba maita ba ce. Karatunta kaɗan ne, na zamanin da ake koya wa mutum allura da gyaran shimfiɗa a ce ya gama. Sauran kuwa, shekaru ne suka koya mata: gumi mai sanyi a goshi, numfashi sama-sama, yatsun da ke tsintar zanin gado kamar masu tsince tsakuwa. Tana hango mutuwa tun tana bakin ƙofa, amma ba ta da abin tare ta. Sai ta jawo gadon kusa, ta aika a kira likita, ta zauna tana kallo. Wani lokaci likita ya riga isowa. Sau da yawa ba shi ke riga ba.

Dab da za ta ajiye aiki aka kawo sabuwar nas daga jami'a. Sista ta laƙa mata suna Digiri, ta ce mata littafi ba ya jin wari. Digiri ta ce hanci ma ba ya magani. Duk da haka ta riƙa bin ta gado gado, tana kallon abin da tsohuwar ke kallo.

Bayan shekaru, zazzaɓi ya kwantar da Sista a wannan ɗakin, a gadon can ƙarshe. Wata rana da hantsi ta ce wa 'yarta ta haɗa kaya, ta warke. Tana cikin faɗa ta dubi hannunta. Yatsunta suna ta tsintar zani, ba ita ta sa su ba.

Da ta ɗago ido, Digiri na tsaye a ƙarshen gadon, yanzu ita ce babba a ɗakin. Ta danna farce, ta saki. Ta duƙa.

Sista ba ta taɓa jin kukan tayoyin daga saman gado ba. Ta ga fuskoki suna juya wa bango ɗaya bayan ɗaya, 'yarta na lalubar waya.

"Ke Digiri," ta ce, "zama za ki yi ki kalle ni?"

"Mama, an daina kallo."

Kafin likita ya iso an ɗebi jini, an sa mata iskar numfashi, ƙarin ruwa na gudu a hannu biyu, Digiri na faɗa masa awo ta waya tana karɓar umarnin allura. Ƙwayar cuta ce ta shiga jini. Sista ta tashi. Ba ta yi godiya ba, ta dai ce hannun Digiri na da nauyi a allura.

Ranar sallama, tana dogara sanda za ta fita, ta tsaya cak a ƙarshen gadon wata mata da ke ɓare lemo tana dariya. Ɗaki ya mutu. Sista ta juya za ta yi kira, sai ta ga Digiri har ta riga ta duƙa wurin birki.