Shuɗin da Tartsatsi Bai Gani Ba

Shekara talatin yana fentin mota, kuma ko launin da rana ta koɗar ka kawo masa, zai haɗa maka shi har a kasa gane sabo da tsoho. Amma sunan da ya bi shi, Tartsatsi, ba a gareji ya samo shi ba. A wani ɗakin kwano ne can ƙarshen gidansa, inda yake haɗa kayan wasan wuta. Yakan mulmula 'yan dunƙule kamar ƙwayar wake, yana ce musu taurari, don in an harba su sama su ne suke watsuwa da launi.

Ja ya samu tun shekarar farko. Kore ma bai ba shi wuya ba. Shuɗi ne ya ƙi, kullum sai ya fito fari-fari kamar rigar da ta sha wanki. Sau biyu girarsa ta hagu tana ƙonewa a kan neman shuɗin nan. Matarsa takan ce, "Ka fente motocin gari kaf, ga sama ta gagare ka."

Wata Asabar da rana ta faɗi, ya ɗauki bututun ƙarfensa da sabon haɗi ya sa a mota, ya nufi wani fili da ake haƙar yashi a bayan gari. Matar ta bi shi da bokitin ruwa, wai ba kallo ya kai ta ba. Ya kafa bututun a yashi, ya kunna lagwani, ya dawo gefenta da gudu. Wutar ta bi lagwanin ta shige ciki. Sai shiru.

"Ya mutu," in ji shi. "Sanyi ne ya kama shi. Bari in leƙa."

Ta damƙe masa riga. "Maigida, kai da bakinka ka ce in ya yi shiru a jira minti goma sha biyar."

"Wannan dokar 'yan koyo ce."

"To yau ka koma ɗan koyo."

Ya fizge, aljihun rigar ya yage a hannunta. Ya juyo zai yi mata faɗa ke nan, bututun ya tashi a bayansa da ƙarar da ta girgiza ƙasa. Haske ya mamaye filin, ya ɗauke.

Tartsatsi ya waiwaya ya dubi bututun. Ya kiyasta tazarar a ransa: da a ce ta sake shi tun farko, da wutar ta tashi daidai lokacin da fuskarsa take bakin bututun. Ya zauna daɓas a kan yashi yana shafa hancinsa da idanunsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba kayan da aka ba shi ajiya. Komai na nan.

Da numfashinsa ya dawo, ya ɗaga kai a hankali. "Wane launi ya bayar?"

"Ina na sani? Kai nake kallo."

Dariya ta kama shi har da hawaye, ita ma ta zauna kusa da shi, ƙyallen aljihun na hannunta. Sai da suka cika minti goma sha biyar ɗin nan cif, ko da yake babu sauran abin jira, sannan ya je ya juye bokitin a cikin bututun. A hanyar gida ya yi ta tuƙi a hankali, har masu keke suna wuce su.