Sistar da Take Kallon Hannun Masu Korar Ƙuda

Tun likita bai iso ba, tun mai shara bai gama goge barandar sashen ido ba, za ka ganta ta fito da kofin shayi a hannu tana bin benci-benci a hankali. Ba kati take karɓa ba, ba suna take kira ba. Gaisuwa ce kawai: "An tashi lafiya, Baba? Inna, ya jiki?" Amma in ka lura, ba fuskar mutane take kallo ba, hannuwansu take kallo. Haka wannan ma'aikaciyar jinya ta yi ta yi tun da ƙuruciyarta har furfura ta cika mata kai, kuma a ƙarshen watan nan ne ta ajiye aiki.

Abin da take nema shi ne mutumin da ke kaɗa hannu a gaban fuskarsa yana korar ƙuda, alhali babu ƙuda ko ɗaya a wurin. Shi ya sa abokan aikinta suka laƙaba mata Uwar Ƙudaje, ita kuwa ko a jikinta, amsawa take yi da fara'a. Da ta hango irin wannan hannu sai ta raɓa ta zauna kusa da mai shi, ta tambaye shi yaushe ƙudajen suka fara, ko yana ganin walƙiya ba hadari, ko akwai wani duhu kamar labule da ke shigo masa ta gefen ido.

Yawancin mutane kwantar musu da hankali take yi. "Baba, a cikin ido akwai wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai. In shekaru suka ja sai ya tsinke, zare-zaren cikinsa su dunƙule, inuwarsu ce kake gani tana yawo. Furfura ce ta cikin ido. Likita zai duba ka, amma kada wani ya ruɗe ka da maganin ɗigawa, ba ya kashe su. Sabawa za ka yi." Akwai wani dattijo da ya yi ta fesa maganin sauro a ɗakinsa har matarsa ta ƙaura falo saboda tari. Ranar da ya ji wannan bayani dariya ya yi har da hawaye, ya ce to yanzu da wane baki zai ba tsohuwa haƙuri.

Amma wanda ƙudajensa suka zubo masa lokaci ɗaya, ko yake ganin walƙiya, wannan ba ta barinsa a layi. Hannunsa take kamawa ta wuce da shi ciki. Kai, ta sha zagi a kan haka! "Mun riga shi zuwa!" "Ɗan'uwanta ne!" Har ƙararta an kai wajen shugaban sashe, an ce tana son kai. Ta shanye duka, domin ta ga mutanen da suka yi haƙuri suka jira, suka ce ai ba ya ciwo, suka dawo bayan labule ya rufe. Irin waɗannan ne suke sa ta shiga ɗakin magani ta share hawaye a ɓoye.

A tambayi wani tela da ke da shago a bakin titin kasuwa. Wata safiya ya kawo mahaifiyarsa a duba ta bayan aikin yanar ido da aka yi mata. Shi a ganinsa lafiyarsa ƙalau, tef ɗin awo ma na rataye a wuyansa, daga shago ya taho kuma can zai koma. An kusa komawa makaranta, kayan ɗalibai sun cika masa teburi, iyaye na yi masa zarya. Ido ɗaya gare shi, na dama. Na hagu ya mutu tun yana yaro da dutse ya same shi a wajen wasa. Da wannan ido ɗaya yake zura zare a allura, da shi yake ciyar da mata da 'ya'ya da tsohuwar da ya rako.

Yana zaune yana ƙagauta, bai ma san hannunsa na ta kai da kawo a gaban hancinsa ba, sai ya ji an zauna kusa da shi.

"Malam, tun yaushe ƙudajen nan suka dame ka?"

"Waɗanne ƙudaje, Sista? Ai ni rakiya na yo."

"Na sani. Amma tun da ka zauna hannunka bai huta ba."

Ya yi 'yar dariya. "Shekaranjiya ne suka zubo mini, kamar an watsa garin gawayi a ruwa. Gajiya ce kawai, ɗinki ya yi yawa."

"Walƙiya fa?"

Tsohuwa ce ta karɓe zancen: "Yana gani, 'yar nan! Jiya ya ce a kwashe shanya hadari ya taso, rana kuwa ƙwal a tsaka."

"Akwai duhu ta gefe, kamar an ja labule?"

"Babu."

"Alhamdulillahi. To tashi mu shiga tun bai sauko ba."

Ina! Tela ya miƙe, amma ƙofar fita ya nufa. "Sista, ki yi mini rai. Ko ciwo ba ya yi. Da na gama kayan makarantar nan zan dawo da ƙafata."

"Da ƙafarka za ka dawo, amma wani ne zai riƙo maka hannu."

Ta ga dai magana ba za ta tsayar da shi ba, sai ta miƙa hannu ta zare tef ɗin daga wuyansa, ta naɗe shi tsaf ta jefa a aljihun rigarta. "In likita ya duba ka, ka zo ka karɓa." Barandar ta kaure da surutu, wasu na dariya, wasu na ƙorafin layi. Ran tela ya ɓaci ƙwarai, magidanci guda a ƙwace masa kayan aiki a gaban jama'a. Ya buɗe baki ke nan mahaifiyarsa ta daka masa tsawa: "Wuce ciki, ja'iri! Ni da na ga duhu na san abin da take faɗa."

Aka ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, likita ya haska ya leƙa ya daɗe. Da ya ɗago sai ya ce tantanin da ke manne a bayan ido, wanda ke ɗaukar hoton duk abin da mutum ke gani, ya yage a gefe. Ruwan cikin ido ne yake jan sa, shi ne walƙiyar. In ruwa ya bi ta yagewar ya shiga bayan tantanin ya ɓamɓare shi, labulen ke nan, kuma daga nan sai babban aiki, wanda ba kullum yake maido da gani ba. Tsoro ya kama tela irin wanda bai taɓa ji ba, ya tuna allura, ya tuna 'ya'yansa.

Sista ta dafa kujerarsa. "Kai ma ka san yagewa in aka kama bakinta da wuri. Yau ƙarama ce. Da hasken leza likita zai kewaye ta ya ɗinke, ba wuƙa, ba kwanciya." A ranar aka yi. Tana tsaye a bayansa ta tallafe masa ƙeya, tana cewa, "Kada ka motsa, ɗan'uwana, an kusa."

Kayan makaranta sun makara, wasu iyaye suka kwashe yadinsu cikin fushi. Ƙudajen ma ba su tafi duka ba, har yau akwai guda biyu da ke bin sa in ya kalli farin yadi. Amma idon yana nan. Tef kuwa da ya dawo a sake duba shi ta miƙa masa, ya ƙi karɓa, ya ce ta ajiye, ya sayi wani.

Ranar walimar sallama, ana cikin jawabai, sai ga shi ya shigo da ƙunshi a hammata. Riga ce da zane, ɗinki mai kyau. Abokan aiki suka matsa sai ta gwada. Ta shiga ta fito, wallahi kamar a jikinta aka yanka, kafaɗa daidai, hannu daidai. Ta dube shi da mamaki.

"Malam, ni ban taɓa zuwa shagonka ba, tef ɗinka ma yana wajena. Da me ka auna ni?"

"Da idon da kika bar mini, Sista."

Matar da ta sha zagi a barandar nan ba ta taɓa kuka a gaban mutane ba sai ranar.

Sista, ke ce kika tsaya a kan abin da ba ya ciwo, lokacin da masu idon da kansu suke cewa a bari sai gobe. Ke ce kika yarda a ce da ke mai son kai, muddin wani zai koma gida yana ganin fuskar 'ya'yansa. Babu allo da sunanki a bangon sashen, amma akwai direbobi a kan hanya, da malamai a gaban aji, da tela a bakin kasuwa, waɗanda ke cin abinci da idon da kika tare musu. Mun gode, Uwar Ƙudaje. Allah ya saka miki da alheri, ya bar miki naki idon har ki ga tattaɓa-kunne.

Mai karatu, in ƙudaje suka zubo maka lokaci ɗaya, ko ka ga walƙiya ba hadari, ko duhu ya fara shigowa ta gefe, ajiye abin da ke hannunka ka nufi asibiti a ranar, yanzu babu mai ƙwace maka tef. Ku kuma matasan da kuka gaje ta, gobe da safe bencin nan zai cika, kuma a cikin jama'a wani zai ɗaga hannu ya kori ƙudan da babu shi. Don Allah, a samu mai kallo.