Sunan da Inna ta ɓoye a cikin dutse

Tun ina da cikin wata biyar nake ɗauke da wani tsoro da ban faɗa wa kowa ba. Ba tsoron naƙuda ba ne. Ina tsoron in haifi yarinya ta tashi kamar yadda na tashi, tana leƙen fuskar uwarta tana neman wani abu, ba ta samu. Ni 'yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Kunya ake ce da abin. Na san kunya ce, amma sanin bai taɓa ɗumama ni ba.

Da aka yaye ni, sai aka kai ni Maruta wajen kakata ta wajen uwa. Ita nake kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa tana aure a cikin garin Gwaram, kowa Ladi yake ce mata, ni kuma Yaya nake ce mata. Takan zo mana bayan an gama girbi, ta kwana biyu ko uku. Idan tana son ruwa sai ta ce wa bango, a ba ni ruwa, ni kuma in tashi in kawo. Idan ta zo mini da takalmi, Inna take ba wa, ta ce a gwada wa waccan. Ban taɓa jin sunana, Hauwa, ya fita daga bakinta ba. Ita ma Inna haka take yi mata, domin Yaya ce 'yarta ta fari. Su zauna a tabarma ɗaya, kowa na kallon wani gefen, suna magana kamar ta cikin labule.

Lokacin sanyi, da an ci tuwo bayan magariba, Inna takan hura wuta a tsakar gida da karan dawa, ta juye buhun gyaɗa a faifai uku. Ba ta ba da tatsuniya kyauta, sai da ɓarar gyaɗa. Mu da yaran maƙwabta mu kewaye wutar, ɓawo yana ƙara a hannunmu, muna watsa shi cikin wuta yana tartsatsi. Wanda ta kama yana kai wa baki sai ta ce ashe yau da ɓera aka zo hira. Ni kuwa ƙawata take ce mini, ta ce ƙafafuna kamar muciya, wa zai ɗauka. Idan ta ga faifai ya fara cika sai ta gyara zama ta ce, ga ta can tafe, ku matsa mata. Mu ce ta shigo ta zauna.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba ta yin ta sai Yaya tana gidan. Na lura da wannan tun ina ƙarama, ban dai san abin da zan yi da shi ba.

Wai wata mata ce ta tafi itace cikin duwatsu da 'yarta ta fari. Hadari ya taso, yarinyar ta shige wani kogo don ta fake, dutsen ya rufe a kanta. Matar ta tsaya tana bugun dutse da gatari. Dutsen ya ce mata ta daina wahalar da kanta, akwai bayin Allah da yawa a cikinsa, ta faɗi wanda take nema ya ba ta. Matar ta ce, waccan. Dutsen ya buɗe kaɗan, ƙadangare ya fito. Ta ce a'a, yarinyar nan. Bushiya ta fito. Ta ce 'yar mutane nake nufi. Mujiya ta fito ta tashi sama. A nan mukan fashe da dariya, domin Inna tana kwaikwayon tafiyar kowannensu. Kwana uku matar tana tsaye. Mutanen gari suka taru, har da surukanta, kunya ta ƙara riƙe mata baki. A rana ta uku dutsen ya ce da faɗuwar rana zai rufe, ba zai sake buɗewa ba. Sai matar ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

A daidai nan Inna takan ajiye gyaɗar hannunta, ta rufe ido. Muryarta ta canja, ta yi ƙasa. Ta ce, "Rakiya." Ta sake cewa, "Rakiya. Rakiya, fito, ni ce."

Ƙarshen ba ya zama iri ɗaya. Wata shekara yarinyar ta fito yadda ta shiga. Wata shekarar ta fito babbar mace, ta wuce uwar ba ta gane ta ba. Mun taɓa yi mata gardama, muka ce bara ba haka kika ce ba. Ta ce bara ai haƙoranta sun fi haka yawa. Sannan ta ce hira ta tashi, kowa ya kaɗe zaninsa. Darasin da muka ɗauka shi ne kada yaro ya shiga kogo idan ana ruwa.

Abin da na gani, sauran yara ba su gani ba, shi ne Yaya. Da an fara wannan tatsuniyar takan tashi kamar za ta ɗauko wani abu a ɗaki. Amma ba ta shiga. Tana tsayawa a bakin ƙofa, ta juya mana baya, hannunta ɗaya a jikin asabari. Sai an kira sunan nan sau uku, sannan ta ɗaga asabarin ta shige. Na ɗauka tatsuniyar ce ba ta so.

A aji biyar na bar makaranta, lokacin da idon Inna ya mutu, babu mai yi mata girki. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina haɗa baƙi a hankali. Inna ta rasu kafin aurena. Mijina yana haya da babur a Birnin Kudu, nan muka kama ɗaki, nan na haifi 'yata. Ubanta ya sa mata suna, shi yake kiran ta da shi, yana ɗaga ta sama. Ni kuwa abin da nake tsoro ya same ni ba tare da kowa ya tilasta mini ba. Babu suruka a gidan, babu mai sa mini ido, amma bakina ya ƙi. Ke nake ce mata. Zo nan, ke. Sauka, ke.

Akwai wata ɗaliba mai koyon aikin jinya da ke haya a ɗakin kusa da namu, Bilki. Ita ta fara yi mini magana. Ta ce Maman Ke, yau me aka dafa? Na yi dariya. Wata rana kuma ta zauna ta ce mini a ganinta wannan ba kunya ba ce, danne haƙƙin yaro ne, yaro bai san al'ada ba, abin da ya sani kawai an kira shi ko ba a kira shi ba. Na ce ku 'yan boko komai sai kun sa masa suna. Ta ce to ai ke ma sunan ake so ki sa. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba, na ci gaba da tsintar shinkafa.

Da damina ta bara aka kawo Yaya daga Gwaram a bayan bas, hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta magana. Kawuna, ƙaninta, shi ya rako ta. Na same su a asibiti da 'yata a baya. Mai yankar kati ya tambayi sunan marar lafiya, na ce Ladi. Kawu ya ce a'a, wannan na rana ne, ya zaro katin zaɓenta daga aljihu ya miƙa ta gabana. Na bi baƙaƙen da ido ɗaya bayan ɗaya, yadda na saba. Rakiya.

Na tsaya. Mai kati ya ce Hajiya matsa, akwai mutane. Na matsa.

Shekara ashirin da huɗu ban san sunan uwata ba. Ba ɓoye mini aka yi ba, babu dai mai faɗar sa ne. Mijinta ba ya faɗa, ƙannenta Yaya suke cewa, wadda ta haife ta kuwa ba ta da hanyar faɗa sai ta tara yaran unguwa, ta hura wuta, ta ƙirƙiro dutse da ƙadangare da mujiya, ta rufe ido. Sau ɗaya a shekara. Yaya kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta karɓa da baya.

Kwana huɗu Yaya ta yi a gado ba ta buɗe ido ba. Bilki tana aiki a ɓangaren, ta ce mini in riƙa yi mata magana, in kira sunanta, wani lokaci suna ji. Na ce 'ya ba ta kiran sunan uwa. Ta dube ni, ta tafi. Bayan azahar ne, ɗakin cike da masu dubiya da kwanukan abinci. An hana mu tatsuniya da rana tun muna yara, amma na ja kujera, na sa bakina kusa da kunnenta, na ce ga ta can tafe. Na yi mata ita duka, da ƙadangaren da bushiyar. Da na zo wajen, na rufe ido kamar Inna, na faɗa sau uku.

Ba zan yi ƙarya in ce ta buɗe ido ba. Yatsunta biyu na hannun da bai shanye ba sun motsa a kan zanin gado, kamar mai neman asabari. Ko jin ta yi, ko jiki ne kawai, Allah ya sani. Washegari da hantsi ta cika. An yi ta kuka, ni ina ninke kayanta ina sawa a leda. Har yau kukan bai zo ba.

Bayan sadakar bakwai na dawo ɗakina. 'Yata tana wasa da murfin kwano a ƙasa, babu kowa sai mu biyu. Na daɗe ina kallon ƙeyarta. Sannan na ce, "Safiya." Muryar ta fito kamar ta aro. Yarinyar ta ɗago, amma ba ni ta duba ba. Ƙofa ta duba, tana neman wanda ya shigo.

Yanzu kullum da safe ina faɗa sau ɗaya, kamar shan magani. Wata rana tana juyowa, wata rana ƙofar take kallo. Ban ce Inna ta yi laifi ba, ban ce Yaya ta yi ba, abin da suka tarar suka riƙe, kuma kowacce ta nemi 'yar ƙofar da za ta bi. Ni dai ba na son tawa ta jira sanyi da ɓarar gyaɗa kafin ta ji.

Wanda ya karanta wannan, abu biyu nake roƙo. Idan kina da ɗan fari ko 'yar fari, ki kira sunan yau, ko a ɗaki ne, ko babu mai ji sai ku biyu. Sannan idan kun ɗaga hannu, ku sa uwata a addu'a. Kada ku ce Ladi. Rakiya sunanta.