Garin da ke Cikin Albasar Kaka

Kakata Hajo ba ta iya tatsuniya da sanyin rai ba. A ƙauyenmu kusa da Wara, bayan magariba, takan zauna gaban murhu tana tura itace kamar shi ya yi mata laifi, mu jikoki mu kewaye ta.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ƙanin babana, Baba Sale, ya sayo injin ban ruwa. Kaka tana da albasar iri, 'yar ƙarama mai yaji, wadda ta ɗauko a bakin zane ranar da ruwan madatsar Kainji ya cinye garinsu. A al'ada, in albasa ta kusa cira akan yanke mata ruwa ta bushe, don ta jure ajiya. Baba Sale ya ce shi manya yake so, irin na kasuwar Yauri. Kullum injin na ruri, ruwa na kwarara har kan fegin Kaka, ɗan yankinta na gonar.

Wani dare Baba Sale yana zaune kusa, sai Kaka ta ɗaga murya: "Ga ta nan gare ku, har da masu kunnen ƙashi!"

Ta ce a cikin kowane ɓawon albasa akwai gari. Ɗakuna ne jere, bango manne da bango. Kowane ɗaki da tafkinsa a tsakiya, da maigida zaune a gefe yana tsaro. Sai wani Sarkin Rafi mai haɗama ya yi ta turo musu ruwa. Tafki ya cika ya matse maigida jikin bango. Suka yi ihu, Sarkin Rafi kuwa yana murna gari ya yi ƙiba.

"Sannan mi ya faru, Kaka?" muka tambaya.

"Ku tambayi wanga mai inji! Ni na taɓa ganin garin da anka cika ma ruwa."

Baba Sale ya yi dariya. "Inna, zamani ya wuce haka." Ya karkaɗe riga ya tafi.

Albasa ta yi manya kuwa. Kafin damina ta faɗi, rumbun albasa ya fara wari, muka riƙa kwasar ruɓa da kwando. Kaka ta tona tarin nata da hannu, ko guda mai rai ba ta samu ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake yi mana tatsuniya ba. Wannan ne har yau ban yafe wa Baba Sale ba.

A sakandare malaminmu ya sa siririn ɓawon albasa ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma. Na leƙa, sai ga ɗakuna jere, ga bango, ga fili mai ruwa a tsakiya, ga ɗan ɗigo matse a gefe. Malam ya ce ƙwayoyin halitta ne, ɗigon nan shi ke tafiyar da ɗakin. Yara suna ta shewa, ni kuwa zuciyata tafasa take yi.

Yanzu ni ke koyar da darasin. Duk shekara albasar kasuwa nake saya in ɓare wa ɗalibai. Wadda nake so in leƙa cikinta, ta Kaka, babu sauran irinta a duniya.