Furannin Gefen Shafi

Shekarar da 'yata ta fari ta shiga aji biyu a unguwar Ardwick ta birnin Manchester, malamarsu ta tare ni a ƙofar makaranta da littafin rubutunta a hannu. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na gane abin da take nuna mini: rubutu layi biyu kacal, ganye da furanni kuwa sun cinye gefen shafin. Ta ce in ba a ga canji ba kafin hutu, za a mayar da ita rukunin yaran da ake ja a hankali.

Ni a aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, kuma tun ranar da na haife ta nake tsoron kada ta gado ni. Sai na shiga bin furannin littafin da abin gogewa kullum bayan la'asar. Ina gogewa tana kallona.

Wata Asabar babanta, da karatu ya kawo mu ƙasar, ya ce mu raka shi wani tsohon ɗakin karatu a cikin gari, an baje littattafan Farisa na da. Na ce ni da goyo, a wurin da ko tari ba a yi? Ya ce in dai ba mu lashi littattafan ba, ba mai korar mu.

Suna cikin akwatunan gilashi. Rubutun siriri ne, kalmomin na gangarowa kamar an rataye su. Gefen kuwa ruwan zinariya da shuɗi, rassa na murɗewa, ga 'yar barewa ta leƙo daga cikin ganye. Yarinyar ta manna hancinta a gilashin, ta daɗe, sannan ta ce da Turancinta na 'yan Manchester, "Mama, shi ba wanda ya goge masa."

Kunya ta hana ni kallonta, sai na ƙura wa shafin ido. Ina yi wa amare lalle, na san yadda hannu ke kauce wa abin da ya tarar. Na ga zinariyar ta zagaye kowane layi kamar gajimare, inda wutsiyar harafi ta sauko sai ta kauce mata. Na raɗa wa babanta cewa rubutun aka fara yi, daga baya mai ado ya zo. Ya ce zuwansa uku ke nan bai lura ba. Duk da ina jan rigarsa, ya tambayi matar da ke kula da wurin. Ta ce yawanci haka ne, ta kuma tambaye ni a wace jami'a na yi karatu.

"To, Hajiya," in ji shi, yana danne dariya, "kin riga ni samun digirin."

A cikin bas muka shirya da ita: ta cika shafi da rubutu tukuna, gefen kuma nata ne, ba mai taɓawa. Na saya mata biro mai ruwan zinariya. Abin mamaki, yarinyar da layi uku ke gagara sai ga ta tana neman ƙarin aikin gida, don ta sami gefe.

Ranar da aka ba da hutu malamar ta sake tare ni. Ta buɗe littafin, shafi cike, ta ce yarinyar na nan a rukuninta. Ta nuna wata barewa mai ƙafa biyar, muka yi ta dariya.

Abin gogewar yana nan a durowa. Ƙaninta ya tauna rabinsa.